Adda a hannun yaro: duba ga fim ɗin Beasts of No Nation



Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, har ya ci Wad Madani a Disamba na shekarar, yaranmu daga Mai Wurno zuwa Damazin sun ga bindiga ido da ido. Duk da haka finafinan yaƙi na yawo a wayoyinsu, shi ya sa muka ga ya dace mu duba guda.

Beasts of No Nation ya fito a 2015, an ɗauke shi a Ghana. Labarin Agu ne, yaron da aka kashe masa mahaifi, 'yan tawaye suka mai da shi soja. Masu fim ɗin sun ce manufarsu nuna munin sa yara a yaƙi, kuma gaskiya ya nuna. Amma akwai wurin da kwamanda ya miƙa wa Agu adda ya sare kan wani mutum da ke durƙushe yana roƙo. To, wanda ya ɗaga addar nan yaro ne na gaske, Abraham Attah, bai kai shekara 15 ba a lokacin. Jinin na ƙarya ne, mun sani. Ihun da aka sa shi ya yi fa, da fuskar da aka koya masa? An ba shi kyauta a Benis, sai ka ce kyauta na wanke zuciya.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya mayar da Abdullahi ɗan Umar ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, bai ba shi izini ba sai a Handaƙu. Wasa ba yaƙi ba ne, ba mu ce hukuncinsu ɗaya ba. Sai dai yaro amana ne, kuma sa hannun uba a takardar kwangila ba ya sauke ta. Yaran da suka fito a The Kite Runner a 2007 sai da aka kwashe su daga Kabul zuwa Daular Larabawa don tsoron abin da zai same su.

Ku tuna fim ɗin Umar Mukhtar na Mustafa Akkad, wanda dattawanmu suka kusa haddacewa. Yaƙi ne tun daga farko har ƙarshe, akwai yaro a ciki, kuma ba a ɗora masa kisa ba. Da aka rataye malamin, yaron ya sunkuya ya ɗauki tabaransa daga ƙasa.