Kyaftin ɗin da ke zama a bayan matuƙa

Mutumin Kolofata, a arewacin Kamaru, da zai hau jirgin sama sai ya bi mota zuwa Mora, daga nan Marwa, ya ƙarasa filin jirgi na Salak. In bai yi dace ba, ya miƙa Garwa. Yaron Kolofata, garin kan iyaka, da ke son zama matuƙi kuwa, tafiyarsa ta fi haka nisa, kuma kowane zango da mai tsaron ƙofarsa: mai ba da gurbin karatu, mai ba da lasisi, mai ɗaukar aiki. Cikinsu akwai wanda fasinja ba ya ganin aikinsa, kuma shi na fi jinjina wa: kyaftin mai jarrabawa, wanda sa hannunsa ke nuna wane ya isa a ɗauka, wane ya isa ya bar kujerar dama ta mataimaki ya koma ta hagu, wane kuma sai ya ƙara koyo.

Yawancin aikinsa a ƙasa yake yi, cikin na'urar kwaikwayon tuƙi. Wani ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe masu motsi, cikinsa an kwafi gaban jirgi maɓalli da maɓalli, tagoginsa na nuna titi da gajimare. Matuƙa biyu na gaba, shi yana baya da allonsa. Daga nan yake sauko da dare, ya tayar da hadari, ya kashe injin. Zama ɗaya yakan kai awa huɗu, kuma a ƙasashe da yawa matuƙin jirgin haya yana dawowa duk wata shida har ya yi ritaya, komai furfurarsa.

Kafin kowane tashi ana lissafa wani gudu da matuƙa ke ce wa V1. Kafin jirgi ya kai shi ana iya taka birki a fasa. Da an wuce shi, sauran titin ba zai isa tsayawa ba, dole a tashi ko da injin ɗaya ya mutu. To daidai nan mai jarrabawa yake kashe injin. Hancin jirgi sai ya fizga wajen injin da ya mutu, matuƙi ya danna ƙafa ya dawo da shi kan layi, ya ɗaga a hankali. In mai jarrabawar ya san Arewa, zai sa zafin Garwa na watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, injin ma ƙarfinsa na raguwa, jirgi ya ci titi mai yawa kafin ya rabu da ƙasa.

Hannu da ƙafa kowa na iya gani. Gwanintar tana wajen ganin abin da ba ya fitowa a allo. Ina idon matuƙin yake a daƙiƙar da injin ya mutu? Ya fara riƙe jirgin ne, ko ya ruga neman maɓalli? Kafin ya rufe man injin, ya tambayi abokinsa su tabbatar wanne ne ya mutu? An sha yin hatsari saboda an kashe mai lafiyar an bar matacce. Gwanin mai jarrabawa yana bambanta kuskure iri biyu: wanda mutum ya yi, ya gani, ya faɗa, ya gyara, da wanda ya yi ya rufe yana fatan ba a lura ba. Na farko yakan wuce da shi, domin ba matuƙin da ba ya kuskure. Na biyu shi ne abin tsoro, ko da an sauka lafiya.

Sai hazo. Duk wanda ya zauna tsakanin Marwa da Kano ya san yadda ƙurar hunturu, wadda akasarinta ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi, take shafe gari da rana tsaka. Kowace sauka tana da iyakar da aka rubuta: in ka sauko nan ba ka ga titi ko fitilunsa ba, ka ƙara wuta ka koma sama. Mai jarrabawa yakan bar hazon ya yi kauri da gangan, ya zuba ido. Wani zai ƙara saukowa kaɗan, wai ko Allah zai sa ya hango. Wani kuwa yana kaiwa iyaka zai ce a koma, ba jinkiri, ba jin nauyi. Na biyun ake nema, kuma mai jarrabawar kirki yana rubuta komawar a matsayin cin jarrabawa.

Abin da ya fi wuyar aunawa a wajenmu shi ne baki. An rene mu kan kada yaro ya gyara wa babba magana a gaban mutane, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. A gaban jirgi tana kisa. Daren 5 ga Mayu 2007 jirgin Kenya Airways, Boeing 737-800, ya tashi daga Duwala zuwa Nairobi cikin hadari, ya faɗi a fadamar Mbanga Pongo jim kaɗan bayan tashi, mutum 114 suka rasu. Rahoton hukumar sufurin jiragen sama ta Kamaru, wanda ya fito a 2010, ya nuna jirgin ya yi ta karkata dama a hankali ba mai riƙe da shi, na'urar tuƙi da kai ba ta kama ba. Kyaftin ɗan shekara 52 ne, mataimakinsa ɗan 23, kuma tun kafin ranar takardun horon kyaftin ɗin sun ambaci rauninsa wajen aiki da abokin tuƙi. Shi ya sa a yau ake iya shirya wa ɗan jarrabawa tarko: wanda ke kujerar hagu ya yi kuskure da gangan, a ga ko na dama zai buɗe baki ya ce, "Kyaftin, muna karkata dama," in ba a ji ba ya maimaita da ƙarfi, in ta kama ya karɓi tuƙin. Haka wanda ke neman zama kyaftin ana duba yadda yake karɓar gyara daga sa'an ɗansa.

Masu ɗaukar aiki sun fi son lamba, domin lamba ba ta jawo gardama. A ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, lasisin tuƙin haya yana buƙatar kimanin awa 200, na zama kyaftin a manyan jiragen fasinja awa 1,500. Amurka ta ɗora 1,500 ɗin har kan mataimaki tun 2013, bayan faɗuwar jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka mutu. Abin lura shi ne matuƙan jirgin duka biyu sun riga sun wuce awa 1,500. Abin da ke cikin tarihin kyaftin ɗin shi ne jarrabawowin da ya faɗi a baya. Jirgin kuwa Q400 ne mai farfela, irin wanda kamfanin Camair-Co na Kamaru ya yi ta jigila da shi a cikin gida.

Nan ne idon gwani yake yi wa matuƙin ƙaramin jirgi adalci. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Yawunde, Ngaundare, Garwa da Marwa yana iya sauka sau uku ko huɗu a yini, cikin zafi da ƙura da hadarin damina. Mai doguwar tafiya zuwa Turai yana cika awoyi da yawa da sauka ɗaya. A takarda na biyun ya fi ƙiba. Wanda ya san aiki yana buɗe littafin awoyi ya duba sauka nawa, a wane fili, da dare ko da rana, sannan ya sa mutum a na'ura ya gani da idonsa.

Ba na cewa mai jarrabawa mala'ika ne. Yana da ƙabila, yana da abokai, wayarsa na ƙara kamar ta kowa, kuma mun san yadda mai uwa a gindin murhu yake cin tuwonsa. Abin da ke tsare shi tsari ne da ya koya ya riƙe. Ma'aunin a rubuce yake tun kafin a shiga: ƙafa nawa aka yarda ka kauce daga tsayin da aka ba ka, gudu nawa. Yana rubuta abin da ya gani da lokacinsa, ba ra'ayinsa game da mutum ba. A inda ake bin ƙa'ida, ba a son wanda ya horar da kai ya zama shi ne mai yanke maka hukunci, kuma shi kansa hukuma tana zama a bayansa lokaci lokaci ta ga yadda yake auna mutane. Bayan an fito yakan fara tambayar matuƙi me shi ya gani a aikinsa, domin amsar ma awo ce.

Sai dai duk wannan adalci na wanda ya iso ƙofar ne. Bayan lasisi akwai horo na musamman kan kowane irin jirgi, mai cin miliyoyin sefa, kuma kamfanoni da yawa suna son ka zo da shi a hannu. Gwamnatin Kano a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙi, da yawansu suka dawo da lasisi suka daɗe a zaune saboda wannan gibi. Kamaru tana da tsarin daidaita yankuna a jarrabawar shiga manyan makarantun gwamnati, kuma ɗan Mayo-Sava, yankin da Kolofata take, wanda rikicin Boko Haram ya rufe wa makarantu da dama tun 2014, ya cancanci irin wannan tallafi a wajen shiga. A wajen fita kuwa ba kason yanki, kuma bai kamata a yi ba.

Don haka attajiran Garwa da Marwa da 'yan majalisar Arewa masu son ganin 'ya'yan yankin a gaban jirgi, ku ɗauki nauyin karatun har ƙarshensa, da horon nau'in jirgin duka. Ranar jarrabawa kuma kada wanda ya ɗaga waya ya kira mai jarrabawa.