Ina Ƙawar Sumayya?

Ina aji uku na sakandare aka ara mini In Da So Da Ƙauna na Malam Ado Ahmad Gidan Dabino, bangonsa duk ya yage saboda yawan hannu, alhali littafin ya kusa girmata, domin tun farkon shekarun 1990 yake yawo, har an yi fim ɗinsa a 1994. Mu huɗu muka karance shi a ɗakin kwana bayan an kashe fitila, ɗaya na karantawa a hankali, sauran mun kasa kunne.

Labarin kin san shi. Sumayya 'yar masu hali ta kamu da son Muhammad talaka, ga kuma Abdulƙadir mai kuɗi wanda manya suka karkata gare shi. Abin da ya kama mu shi ne yarinya ce ta san abin da take so, kuma ta tsaya a kai ba ta duba aljihu ba. Wannan kam Malam Ado ya iya, ban da ta cewa.

To amma fa da na sake karanta shi yanzu da 'ya'yana a gabana, sai wurin nan da Sumayya ta faɗa rijiya ya tsaya mini a rai. A da kuka muka sha, muna cewa wannan shi ne so na gaskiya. Yanzu kuwa tambaya nake: ina ƙawarta? Rufe littafin ki gwada tuna sunaye. Ni dai uku na riƙe, ita da maza biyu.

Alhali wace budurwa ce take son farko ita kaɗai? Aminiyarki ce ta fara ganewa tun ke kina musu. Ita za ta raka ki zance ta tsaya a soro tana cin sauro, ita za ki yi gaba da ita sati guda don ta ce yaron nan bai yi mata ba, kuma ita za ta kwana kusa da ke ranar da aka ce an ba da ke ga wani. Wallahi na san wadda ƙawarta ce ta hana ta aikata abin da ya fi rijiya muni, da zama kusa da ita kawai har asuba.

Ba Malam Ado kaɗai nake wa ƙorafi ba, da ni a ciki. A littafina na farko ƙawar jarumata 'yar aike na mai da ita, ta kai wasiƙa ta kawo amsa, da aka ɗaura aure ban ƙara ambatonta ba. Sai da wata ɗaliba ta tare ni a gidan biki ta ce, "Anti, ita wancan ɗin ina ta shiga?" Na rasa amsar da zan ba ta, domin ko ni ban sani ba.