Idon Baƙo da Tarihin Gida: Nazari a kan Littafin Likita Mila

Ɗaliban da ke bincike a kan Maguzawan Funtua, Bakori, Ƙanƙara da Malumfashi sukan buɗe rubuce-rubucen 'yan mishan tun kafin su buɗe na malaman gida. Daga cikin waɗanda ake yawan komawa gare su akwai Reflections of a Pioneer, wanda Likita Walter Miller, da Zazzagawa ke kira Mila, ya wallafa a 1936. Ya kamata a auna wannan littafi da sikelin adalci, domin hukuncinsa kan shiga kundayen digiri ba tare da an tace shi ba.

Mila ba baƙon kwana ɗaya ba ne. Ya koyi Hausa a Tarabulus, ya zo Kano a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, inda Sarki Alu ya sallame su. Daga baya ya zauna cikin birnin Zariya shekara da shekaru, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa, kuma da hannunsa a fassarar Baibul ta Hausa ta 1932. Saboda haka abin da ya gani da idonsa yana da nauyi: farautar bayi, nauyin haraji a kan talaka, cututtukan da ke cin ƙauyuka. Malamin da ya musanta waɗannan don kawai bakin da ya faɗe su na mai wa'azin Kiristanci ne, ya saɓa wa umarnin Suratul Ma'ida na yin adalci ko ga wanda ake ƙi. Tun kafin Mila, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya koka da yadda son duniya ya fara shiga jama'ar jihadi.

Rauni yana bayyana ne inda marubucin ya bar shaida ya shiga fassara. A wurinsa ƙasar Hausa gida biyu ce: Fulani masu danniya da Hausawa waɗanda aka danne. Tarihin kudancin Katsina bai yarda da wannan rabo ba. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan sauyin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna cewa rikicin ya ratsa cikin malamai da sarakuna da 'yan kasuwa, ba bisa layin ƙabila ba. 'Yandoto gari ne na malamai Musulmi, amma ya yi jayayya da masu jihadi har aka yaƙe shi. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan da suka kafu a Maraɗi sun yi ta kawo hari cikin ƙasar Katsina, musamman zamanin Ɗanbaskore, kuma manomi Musulmi da Bamaguje duk sun ɗanɗana kuɗarsu. Ganuwar tsofaffin garuruwa ba ta tambayi addinin wanda ya fake a cikinta ba.

Haka nan wanda ya sa tabarau irin na Mila zai ɗauki Bamaguje a matsayin ragowar zamanin da Musulunci bai taɓa shi ba. Alhali sunan kansa, a ra'ayin masana da yawa, daga kalmar Majusu ya fito, wato matsayin da fiƙihu ya ba wanda ke biyan jiziya yana zaune cikin amana. Joseph Greenberg ya nuna a 1946 yadda aƙidar iskoki ta cakuɗa da ta aljannu, sannan Murray Last, wanda ya zauna tare da Maguzawa kusa da Malumfashi, ya danganta musuluntarsu da sha'anin fatauci da tsarin gandu. Waɗannan maƙwabta ne na ƙarnoni, masu kasuwa ɗaya da harshe ɗaya da Musulmi.

Batun Isawa ya fi fito da matsalar fili. Mila ya ga almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi, a matsayin mutanen da aka tanada domin bishara, har aka tara wasunsu a Gimi. Amma girmamawar da suka yi wa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga karatun Alƙur'ani ta tsiro. Mai nema ya tarar da abin da ya fito nema.

Duk da haka, littafin ya bar mana tambaya mai ɗaci. Mishan sun shiga karkara da magani da makaranta, kamar asibitin kutare na Babbar Ruga, kuma a yau Maguzawa da dama na wannan yanki Kiristoci ne. Ina masu da'awa suke a lokacin? Zagin Mila ba zai amsa wannan ba.

Shawara ga ɗalibi ita ce ya karanta littafin kamar yadda malaman hadisi ke karɓar ruwaya: a duba mai ba da labari, da muradinsa, da abin da ya halarta da kansa. Sannan a gwada shi da rubutun Larabci da ajami, da bakin dattawan Maska da Gozaki tun suna raye. Allah shi ne mafi sani.