Shel ba salam ba ne, ko da an naɗa masa rawani



Akwai maganar da ke yawo a kasuwar Mafaza duk shekara idan ruwa ya sauka, wai shel ai salam ne, salam kuwa Annabi ya halatta shi, saboda haka malamai su daina takura wa 'yan kasuwa. Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa take da haɗari.

Salam halal ne, babu musu. Manzon Allah (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna ba da kuɗi a kan amfanin da bai nuna ba, bai hana su ba, sai ya shar'anta a san awo, a san nauyi, a san ajali. A mazhabarmu ta Malikiyya ana miƙa kuɗin gaba ɗaya, ba a jinkirta shi fiye da kwana 3. Manomin da ba shi da kuɗin iri ko na noman ciyawa ya samu mafita, ɗan kasuwa ya samu dawa da sauƙi. To, yanzu mu dubi abin da ake yi a nan.

Malam manomi ya je shago a watan Agusta, rumbu ya ƙare. Ba a ba shi kuɗi ba, an ba shi sukari da man girki da buhun dawa, a rubuta zai biya da dawa ko riɗi idan kaka ta yi. Tun daga nan an fita daga salam, domin abinci da abinci ba a musayarsu da jinkiri. Riba ce ta nasi'a, ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san wannan. Wani lokacin ma ba a yanke farashi ba, sai a ce “sai mun ga kasuwar Gadarif”. Ina ajali da awo sananne a nan?

Mafi muni shi ne abin da ke biyo baya. A ce ana binsa buhu 10, damina ta yi gardama, ya kawo 6. Sauran 4 sai mai shago ya bari sai tsadar damina ya yi musu kuɗi, ya juya kuɗin zuwa dawar baɗi a rabin farashi, su zama 8. Ba a ƙara masa ko ƙwaya ba, bashi ya ninka. Fuƙaha'u suna kiran wannan fasa bashi cikin bashi, kuma shi ne ainihin ribar Jahiliyya: ka biya ko ka ƙara. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ba mai bin bashi hanya biyu kawai a kan wanda ke cikin ƙunci, ya jira ko ya yafe. Buhu 4 yana nan 4. 'Ya'yanmu da ke Saudiyya suna tambayata hukuncin katin bashi na banki wanda ke ƙaruwa idan wata ya wuce ba a biya ba; nakan ce musu ku tambayi iyayenku, sun san shi tun kafin a ƙera roba.

Masu kare shel sukan ce, to bankin da aka musuluntar tun 1984 me ya tsinana? Suna da hujja. Ƙaramin manomi ba shi da takardar gona da zai jinginar, salam ɗin banki yakan tafi wurin masu manyan gonakin tarakta. Kuma mun ga manoma a kurkuku saboda cak ɗin da ya dawo, ƙarƙashin sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991. Amma ko ba komai, a yarjejeniyar banki akwai sharaɗin kawar da cuta idan farashin kaka ya zarce na yarjejeniya da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A daftarin mai shago wa ya taɓa ganin haka?

Shi kansa daftarin, kai, abin kuka ne. Hannu ɗaya ke rubuta shi, aljihu ɗaya ke ajiye shi, babu shaida. Tun 2011 akwai dokar da ta kafa hukumar tattara bayanan masu cin bashin banki a ƙasar nan, suna auna amincin mutum da lamba. Mu kuwa amincin mutum yana bakin mai shago: ya ce wane ba ya biya, shi ke nan, babu mai ba shi ko sabulu. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282, ta ce a rubuta, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu.

Ban wanke manomi ba. Wanda ya ci shel don biki ko sabuwar waya, sa'annan ya ɓoye riɗinsa ya kai Hawata da dare, ya ci amana, kuma jinkirin mai hali zalunci ne.

Kwamitin masallaci ya shirya takardar salam da Larabci da Hausa, kwafi biyu, da gurbin yawan buhu, irin dawar, ranar biya, wurin miƙawa da sunan shaidu. Mai bukata ya zo da abokin cinikinsa bayan La'asar, da kuɗin a hannu ko a Bankak, a miƙa a gabanmu. Wallahu a'alam.