Aikatau na Ingilishi "take off" da Yadda Ake Kai Shi ga Ɗalibi Bahaushe a Jihar Maraɗi

Ɗalibin kwaleji a Agiye ko Gazawa ko Gidan Rumji yakan tarar da Ingilishi ne bayan ya shekara shida yana karatu da Faransanci, saboda haka ta bakin Faransanci ake yi masa bayanin kalmomi. Idan aka zo kan "take off", sai a jera masa "enlever" don tufafi, "décoller" don jirgin sama, a ce ya haddace. Wannan hanya tana da rauni, domin tana nuna masa ma'anonin kamar ba su haɗa dangi ba, alhali kuwa harshen da ya tashi da shi yana riƙe da zaren da ya ɗinke su.

Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai. Aji na huɗu, mai ƙarewa da -e, yakan nuna rabuwa ko gushewar abu ɗungum, wato aikin da "off" take yi. A duba ɗauka da ɗauke: wanda ya ɗauki tulu yana riƙe da shi, wanda ya ɗauke shi kuwa ya raba shi da wurin. Haka tuɓe riga, cire takalmi, goge allo. Hatta mai ciniki da ke cewa a rage masa dala biyar, abin da Bature zai faɗa da "take off" ke nan. Manomin gero da ya ce ruwa ya ɗauke bai karanta Parsons ba, amma ya fi mai haddar jeri sanin wannan ma'ana.

Sai dai kada a zarce. Jirgi tashi yake yi, kuma tashi ba ya cikin aji na huɗu. Sana'ar da ta kankama ita ma wata hanya ta bi. Ban da haka, -e tana ɗauke da ma'anar ƙarewa, kamar cinye da shanye, inda Ingilishi ke sa "up". Malamin da ya ce kowace -e "off" ce zai sa yaro ya fassara "ya cinye tuwo" da kuskure, kuma a takardar jarrabawa za a kama shi.