Gidan Ɗan Hausa: Abin da Sunan Ya Rufe

A unguwar Nasarawa ta birnin Kano akwai wani tsohon gidan ƙasa da ake kira Gidan Ɗan Hausa. A nan Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, ya zauna, a nan Nasarawa kuma ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa cikin 1909. Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa saboda ya iya harshen.

Labarin gidan nan ana ba da shi iri biyu. Waɗansu su ce Bature ne ya kawo haske, waɗansu kuma su ce tarkon mishan ne aka ɗana. Duka biyun sun gaza.

Gaskiya ne Vischer ya fara zuwa ƙasar Hausa a ƙarƙashin mishan ɗin CMS, amma ya bar wannan aiki ya shiga na gwamnati. Makarantarsa ba ta koyar da addinin Kirista ba, gama Lugard ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba. Da Hausa aka yi karatu, aka koyi lissafi da sana'ar hannu. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko, tushen rubutun da mai karatu yake gani yanzu.

Masu yabo kuwa ba su cika tambaya ba: wa aka kira zuwa wannan haske? 'Ya'yan sarakuna da malamai aka fi nema, domin mulki yana bukatar magatakarda. 'Yan mata ba sa ciki. 'Ya'yan Maguzawa na karkara sun daɗe suna jira. Waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru, wanda aka kashe a Burmi cikin 1903, suka wuce gabas da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Jikokinsu da Larabci suke karatu, boko ɗin Nasarawa bai kai gare su ba.

Magina Hausawa ne suka ɗora tubalin gidan, malamai Hausawa suka riƙe alli a ajin, amma sunan mutum ɗaya ke bakin jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk mai kai yara ziyara can, ya gaya musu waɗanda suka gina, da waɗanda suka shiga, da waɗanda aka bari a waje.