A wasannin kirifto, aljihu ne ke jefa ƙuri'a

Masu tallata wasannin bidiyo da aka gina kan fasahar bulokcen suna da alkawarin da ba sa gajiya da maimaitawa, wai wasan na 'yan wasa ne, su ke da kayan ciki, kuma su za su yanke hukunci kan makomarsa ta wata majalisa da ake kira DAO. Alkawarin yana da daɗin ji, musamman ga wanda ya taɓa kwana yana gina gwarzonsa a wasa, gari ya waye kamfani ya sauya doka. Vitalik Buterin da kansa ya ce irin wannan takaici a World of Warcraft na cikin abin da ya sa ya tsani iko a hannu ɗaya, kafin ya ƙirƙiro Ethereum.

Ni dai a ganina, abin da aka gina ya fi kama da taron masu hannun jari. Dubi Decentraland. A majalisarta, kowane sulen MANA ƙuri'a ɗaya ne, kowane fili na LAND kuwa ƙuri'a 2,000. Wanda ya sayi filaye goma ya ajiye, ko bai taɓa leƙa wasan ba, ya danne ɗaruruwan matasan da ke wuni a ciki. Buterin ma ya yi rubutu a 2021 yana gargaɗi kan irin wannan zaɓe na gwargwadon dukiya.

Labarin Axie Infinity ya fi tsuma rai. Kamfanin Sky Mavis na Biyetnam ne ya fitar da shi a 2018, ya kuma bunƙasa a 2021 lokacin da korona ta zaunar da mutane a gida, musamman a Filifin. A lokacin, shiga wasan na buƙatar halittu uku masu tsada, don haka talakawa suka riƙa karɓar aronsu daga masu hali, su buga, a raba riba. Su ne suka fi kowa sanin ciwon wasan, amma halittun ba nasu ba ne, balle su tara sulallan AXS da aka ce su ne mabuɗin mulki. A Fabrairun 2022, da darajar SLP, sulen da ake ba 'yan wasan lada da shi, ta zube, kamfanin ne ya soke ladan da ake samu a wasu sassan wasan.

Wata guda bayan haka aka sace kadarar da ta kai kusan dala miliyan 620 daga gadar Ronin, hanyar shige da ficen kuɗin wasan, satar da Amurka ta ɗora wa gungun Lazarus na Koriya ta Arewa. A lokacin mabuɗai tara ke tsaron gadar, biyar sun isa a fitar da kuɗi, kuma biyar ɗin ɓarayin suka samu. Huɗu na hannun Sky Mavis, na biyar kuma na Axie DAO ne, wadda ta ba kamfanin izinin sa hannu a madadinta tun Nuwamban 2021, ba a kuma janye izinin ba. Da sunan jama'a ake mulkin, amma mabuɗan suna aljihu ɗaya.

Abin mamaki, inda 'yan wasa suka sami murya ta gaske, ba a nemi bulokcen ba. Tun 2008 masu buga EVE Online ke zaɓen wakilan da ke zama da kamfanin CCP. A Old School RuneScape, tun 2013 ake kai sabbin abubuwa gaban mambobi, sai sun sami rinjaye mai yawa su shiga, da farko kashi 75 cikin 100, daga baya 70. Ƙuri'ar attajiri da ta ɗalibi nauyinsu ɗaya.

Za a ce idan aka ba kowa ƙuri'a ɗaya, mutum guda zai buɗe asusu dubu. Gaskiya ne, kuma matasanmu da suka yi ta dangwalen Hamster Kombat a 2024 sun san yadda ake tara asusu. Sai dai maganin wannan shi ne a auna ƙuri'a da daɗewar mutum a wasan da abin da ya buga, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin ka zuba lokacinka ko kuɗinka a wasan da ke kirarin mulkin jama'a, bincika yadda ake ƙirga ƙuri'a, da wanda ke riƙe da mabuɗan baitulmali, da kuma ko kamfani na iya watsi da sakamakon zaɓe. Idan duka ukun suka koma ga kamfani da manyan masu sulalla, to kai ma'aikaci ne a wurin, ka yi lissafinka a haka.